Tanda da Littafi: Tarihin Gashin Burodi a Gidajen Katolikan Amurka Masu Karantar da 'Ya'yansu a Gida

A cikin shekaru hamsin da suka wuce an samu wani rukunin iyalai mabiya ɗarikar Katolika a ƙasar Amurka waɗanda ba sa tura 'ya'yansu makarantar gwamnati ko ta coci, sai dai su karantar da su a cikin gida, kuma a da yawa daga cikin waɗannan gidaje gashin burodi da kek na ranakun ibada ya shiga tsarin yini kamar yadda darasin lissafi da addu'ar safe suka shiga. Wanda ya hango al'amarin daga nesa zai iya ɗaukarsa gadon kakanni ne da ya taho daga Turai ba tare da yankewa ba, alhali tarihi ya nuna cewa sana'ar ta kusa fita daga gidajen Amurka baki ɗaya a farkon ƙarni na ashirin, sannan aka maido da ita da gangan, akasari ta hanyar littattafai. Komawar tanda cikin gida da komawar makaranta cikin gida sun fito ne daga damuwa guda, wato yadda iyali zai riƙe addininsa da lokacinsa bayan unguwa da makarantar coci da suka daɗe suna ɗaukar masa wannan nauyi sun raunana.

Abin da baƙin haure suka zo da shi

A Turai ta zamanin da, burodin alkama ko na hatsin da ake kira rai shi ne ginshiƙin abincin talaka da mai kuɗi, kuma gidajen sufaye, wato mazaje ko matan da suka keɓe kansu domin ibada, sun taka rawa wajen tsara yadda ake yinsa da yadda ake rabonsa. Dokar zaman sufaye da Waliyyi Benedict ya rubuta a Italiya a ƙarni na shida ta ware wa kowane sufi awon laba ɗaya na burodi a yini, ta kuma wajabta wa 'yan'uwa yin aikin madafa bi da bi, mako bayan mako, saboda a ganinsa hidimar ciyar da jama'a ɓangare ce ta bautar Allah. Kalandar coci kuwa ita ce ta raba shekara zuwa lokutan ƙunci da lokutan yalwa, domin a azumin kwana arba'in da ke gabatar bikin Ista an hana Kiristocin Yammacin Turai cin nama da ƙwai da madara da man shanu na tsawon ƙarnoni, abin da ya sa kowace ƙasa ta ƙirƙiro soye-soye da gashe-gashen da za a ƙarar da waɗannan kayan da su kafin azumi ya kama, da kuma burodi mai maiƙo da zaƙi da za a buɗe baki da shi idan ya wuce.

Da wannan gado Katolikan Turai suka tsallaka teku. 'Yan Ayalan sun kwarara zuwa Amurka sakamakon yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya ta kuma kori fiye da miliyan ɗaya daga ƙasarsu, suka zo da burodinsu mai sauƙi da ake tayarwa da soda da madara mai tsami maimakon yis. Jamusawa sun bazu a Cincinnati da St. Louis da Milwaukee da gonakin tsakiyar ƙasar, 'yan Folan suka taru a Chicago da Detroit da Buffalo, sannan 'yan Italiya kimanin miliyan huɗu suka iso tsakanin 1880 da 1920. Kowace al'umma tana da abin da take gasawa a ranar da ta fi girmamawa. Mutanen tsibirin Sisili, musamman waɗanda suka zauna a New Orleans, suna shirya babban teburi ranar 19 ga Maris domin Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu, su jera burodin da aka sarrafa a siffar sanda da gicciye da kambi, su ciyar da matalauta a matsayin cika alkawari, bisa labarin da suka gada cewa roƙon da aka yi ta wurinsa ne ya kawo ƙarshen wani fari a tsibirin. 'Yan Folan kuwa suna kai kwandon abinci coci ranar Asabar ta jajibirin Ista domin limami ya sa masa albarka, da burodi da ƙwai da gishiri da man shanu da aka yi wa siffar ɗan rago a ciki, kuma a daren Kirsimeti suna ɓalla wata siririyar waina marar yis a tsakaninsu suna neman gafarar juna.

Unguwa da coci da makaranta

Waɗannan al'adu sun rayu ne a cikin wani tsari da ya fi gida ɗaya girma. Kafin tsakiyar ƙarni na sha tara ya gota Katolika sun zama ɗarika mafi yawan mabiya a Amurka, amma a cikin ƙasar da Furotesta suka fi rinjaye a siyasa da ilimi, kuma makarantun gwamnati na lokacin suna karanta fassarar Littafi Mai Tsarki ta Furotesta suna kuma yin addu'o'insu. Rikici a kan wannan batu ya kai ga tarzomar Philadelphia ta 1844, inda aka ƙone coci biyu na Katolika aka kuma rasa rayuka. Amsar da shugabannin cocin suka bayar ita ce gina makarantunsu na kansu, aikin da Elizabeth Ann Seton ta riga ta aza harsashinsa tun lokacin da ta kafa ƙungiyar mata masu hidima a Emmitsburg ta jihar Maryland a 1809, ta kuma buɗe makarantar 'yan mata a can. A babban taronsu na uku a Baltimore a 1884, bishop-bishop na ƙasar suka umarci kowace majami'ar unguwa da ta gina makaranta, suka kuma buƙaci iyaye su tura 'ya'yansu can, sannan a 1885 aka fitar da littafin tambaya da amsa na koyar da aƙida wanda yaran Katolika suka yi ta haddacewa har shekarun 1960. Da jihar Oregon ta yi doka a 1922 don tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, wata ƙungiyar Sistoci, wato matan da suka keɓe kansu domin hidimar coci, ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1925, ta tabbatar da haƙƙin iyaye na zaɓa wa 'ya'yansu irin tarbiyyar da suke so, kuma wannan hukunci ne masu karatun gida suka riƙa kafa hujja da shi bayan shekaru sittin.

A ƙarƙashin wannan tsari uwa ba ta buƙatar littafi don ta san abin da za a gasa ranar wani waliyyi, tunda maƙwabta suna yi, mai gidan burodin unguwa ɗan ƙasarsu ne, Sistocin makaranta suna tuna wa yara ranakun, limami kuma yana wa'azi da harshen da aka zo da shi daga gida. Nauyin riƙe al'ada ya rabu a kan jama'a da yawa, shi ya sa ba a ji nauyinsa ba.

Yadda burodi ya bar gida

A daidai lokacin da makarantun coci suke yawaita, masana'antu suna ƙwace gashin burodi daga hannun matan gida. Injinan niƙa masu naɗin ƙarfe da suka mamaye Minneapolis a shekarun 1880 sun iya raba ƙwayar alkama da dusarta da ɗan tsiron da ke cikinta mai ɗauke da mai, suka samar da farar fulawa mai arha wadda ba ta saurin lalacewa a ajiye. 'Yan'uwan nan biyu, Charles da Max Fleischmann, waɗanda suka zo daga daular Ostiriya da Hangari, sun fara sayar da yis na masana'anta a Cincinnati a 1868, abin da ya sauƙaƙa wa matan gida aiki da farko, amma ya fi amfanar manyan gidajen burodi da ke buƙatar kwaɓin da zai tashi a kan lokaci ɗaya kullum. A watan Yuli na 1928 wani gidan burodi a Chillicothe ta jihar Missouri ya fara sayar da burodin da injin Otto Rohwedder ya yayyanka, kuma daga 1930 Wonder Bread ya yaɗa yankakken farin burodi a naɗe zuwa ko'ina a ƙasar. Masana tarihin abinci sun nuna cewa a wajajen 1890 mafi yawan burodin da Amurkawa ke ci a gida ake gasa shi, amma zuwa 1930 lamarin ya juye gaba ɗaya, mafi yawansa daga masana'anta yake fitowa. Ga 'ya'yan baƙin haure, farin burodin kanti alama ce ta tsabta da wayewa da zama cikakken Ba'amurke, baƙin burodin kaka kuwa yana tuna talauci da baƙunci. Da aka gano cewa farar fulawa ta rasa sinadarai masu gina jiki, sai a shekarun 1940 aka shiga ƙara mata bitamin da sinadarin ƙarfe a masana'anta, maimakon a koma ga cikakkiyar alkama.

Masu kiran a koma gida

Tun kafin wannan sauyi ya kammala wasu Katolika suka fara nuna damuwa a kansa, kuma daga cikinsu ne tunanin da ya ciyar da gidajen yau ya fito. A 1923 Fada Edwin O'Hara ya kafa ƙungiyar Katolika ta raya karkara, wadda ta yi ta kira ga iyalai su riƙe gona, su noma abin da za su ci, su rage dogaro da kasuwa. A gidan sufaye na St. John's da ke Collegeville a jihar Minnesota, Fada Virgil Michel ya jagoranci yunƙurin fahimtar da talakawan coci ma'anar ibadun da suke halarta da harshen Latin, ya fara buga mujalla a kan haka a 1926, yana mai cewa ibadar coci da adalci a tattalin arziki da zaman gida abu ɗaya ne da bai kamata a raba ba. Dorothy Day da Peter Maurin, waɗanda suka kafa ƙungiyar Ma'aikacin Katolika a New York a 1933, sun haɗa ciyar da marasa galihu a birni da kafa gonakin haɗin gwiwa a karkara. A 1944 kuma wata ƙungiyar mata da ta samo asali daga Holan ta buɗe cibiyar Grailville a wata gona kusa da Loveland a jihar Ohio, inda 'yan mata suka riƙa koyon noma da gashin burodin cikakkiyar alkama da waƙoƙin ibada da yadda ake raya bukukuwan coci a cikin iyali.

Daga wannan yanayi aka samu jerin littattafan da suka zama malaman gidajen da suka biyo baya. A 1949 ƙungiyar raya karkara ta buga littafin Florence Berger mai suna Cooking for Christ, wanda ya jera girke-girke bisa kalandar coci tun daga makonnin jiran Kirsimeti har ƙarshen shekara. Maria von Trapp, wadda iyalinta mawaƙa suka bar Ostiriya a 1938 suka zauna a jihar Vermont, ta wallafa nata a 1955 a kan al'adun shekara na ƙasarta, Mary Reed Newland ta fitar da nata a 1956 a kan yadda uwa za ta bi shekarar coci tare da 'ya'yanta, sannan Fada Francis Weiser, ɗan ƙungiyar Jesuit haifaffen Ostiriya, ya tattara tarihin bukukuwan Kirista da al'adunsu a 1958. Muhimmin abin da waɗannan marubuta suka yi shi ne ɗauko al'adun ƙabilu dabam-dabam, waɗanda a da kowanne yake tsare a unguwarsa, suka zuba su a shafi ɗaya suka miƙa wa kowace uwa Bakatolika ko daga ina kakanninta suka fito.

Rushewar tsohon tsari da tasowar karatun gida

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'ya'yan baƙin haure sun samu ilimin jami'a da ayyukan ofis, suka bar tsofaffin unguwanni suka koma sababbin gidaje a bayan gari, suka kuma yi auratayya tsakanin ƙabilu. A farkon shekarun 1960 makarantun Katolika sun kai ƙololuwa da ɗalibai fiye da miliyan 5.2 a makarantu kusan 13,000, kuma ƙarfinsu ya dogara ne a kan Sistoci masu koyarwa kusan kyauta, waɗanda yawansu a ƙasar ya kai kusan 180,000 a 1965. Daga nan adadin Sistoci ya yi ta raguwa, aka maye gurbinsu da malamai masu albashi, kuɗin makaranta ya hau, dubban makarantu suka rufe, har yawan ɗalibai ya sauko ƙasa da miliyan biyu a zamanin nan. Iyali mai 'ya'ya shida ko takwas, irin wanda makarantar coci ta saba ɗauka a da, ya wayi gari ba ya iya biya.

A cikin wannan lokaci ne aka yi Babban Taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya kawo sauye-sauye masu yawa: aka koma yin Misa, wato babbar ibadar Katolika, da harsunan jama'a, bishop-bishop na Amurka suka sassauta dokar ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a a 1966 ban da na lokacin azumi, aka kuma sake tsara kalandar waliyyai a 1969. Wasu iyaye sun ga cewa sababbin littattafan koyar da addini sun yi sako-sako da aƙida, wasu kuma suka ƙi amincewa da darussan jima'i da aka shigar a makarantu. Amma taron da ya kawo sauyin shi ne kuma ya ba su hujja, domin takardarsa ta 1964 a kan coci ta siffanta iyali da ƙaramar majami'a ta cikin gida, ta 1965 a kan ilimi kuma ta bayyana iyaye a matsayin malaman farko kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu, koyarwar da Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara jaddadawa a wasiƙarsa ta 1981 a kan iyali.

Yunƙurin karatun gida na zamani bai faro daga Katolika ba. John Holt, malamin makaranta mai sukar tsarin aji, ya fara buga mujallar masu karatun gida a 1977, Raymond da Dorothy Moore, mabiya ɗarikar Adbentis, suka wallafa littafi a 1975 suna cewa ana saurin kai yara makaranta, sannan Furotesta masu ra'ayin riƙau suka shigo da yawa a shekarun 1980, har lauyoyi Michael Farris da Michael Smith suka kafa ƙungiyar kare masu karatun gida a gaban shari'a a 1983. Zuwa 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohi hamsin. Katolika sun gina nasu cibiyoyi masu aika manhaja da littattafai da duba jarrabawa ta gidan waya: makarantar Seton ta karatun gida, wadda ta tsiro a farkon shekarun 1980 daga makarantar da Anne Carroll ta kafa a Manassas ta jihar Virginia, daga baya ta bunƙasa a Front Royal ƙarƙashin Mary Kay Clark, Kolbe Academy a Napa ta jihar California, da Mother of Divine Grace da Laura Berquist ta kafa a Ojai a tsakiyar shekarun 1990 bisa tsarin karatun gargajiyar Turai mai ba da ƙarfi ga Latin da nahawu da manɗiƙi. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta tarayya ta nuna yaran da ke karatu a gida, na kowane addini da marasa addini, sun tashi daga kimanin 850,000 a 1999 zuwa kimanin miliyan 1.8 a 2012.

Yini da shekara a cikin gida

Dalilin da ya sa burodi ya dace da irin wannan gida yana cikin yanayin aikin kansa. Burodin yis ba ya cin ƙarfi mai yawa, amma yana buƙatar mutum ya kasance a kusa na sa'o'i uku ko huɗu. Ana kwaɓa fulawa da ruwa mai ɗumi da yis da gishiri, a murza kwaɓin na kusan minti goma har sinadarin alkama mai danƙo ya ɗaure, a rufe shi ya tashi na awa ɗaya ko biyu yayin da yis ke cin sukarin da ke cikin fulawa yana fitar da iskar da ke kumbura shi, sannan a danne shi a yanka a zuba a gwangwani, ya sake tashi, a gasa na minti talatin zuwa arba'in. Gidan da uba da uwa suke fita aiki yara kuma suke makaranta ba shi da wanda zai jira waɗannan matakai, amma a gidan da ake karatu a teburin cin abinci ana iya kwaɓawa bayan addu'ar safe, a yi darasin lissafi da karatu yayin tashin farko, a sa a tanda kafin addu'ar tsakar rana da ake yi don tunawa da albishir ɗin da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Akwai kuma lissafin aljihu, tunda iyali mai yawan 'ya'ya da ke rayuwa a kan albashin mutum ɗaya yana samun sauƙi idan ya sayi fulawa buhu-buhu, wasu ma suna sayen alkama su niƙa da ƙaramin injin gida. Na'urar gasa burodi mai aiki da kanta, wadda kamfanin Matsushita na Japan ya fitar a 1986, ta ƙara sauƙaƙa abin a shekarun 1990.

Madafa ta zama aji a zahiri, domin yaron da aka sa ya ninka awon rabin kofi da sulusin cokali ya ishi mutum goma ya yi darasin ɓangarorin lamba, wanda ya lura da yadda kwaɓi ke saurin tashi a ɗumi ya kuma yi sanyin jiki a hunturu ya taɓa ilimin halittu. Iyalai da yawa sun ɗauki wannan tunani daga Maria Montessori, likita Bakatolika 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, wadda ta ɗauki ayyukan gida na gaske, irin su zuba ruwa da shara da yanka abinci, a matsayin tushen tarbiyyar ƙaramin yaro. Manyan yara suna karɓar gashin mako baki ɗaya, ƙanana suna shafa wa gwangwani mai, kuma ta haka sana'ar take wucewa daga hannu zuwa hannu a karo na farko bayan tsallake zuriya ɗaya ko biyu.

Shekara kuwa tana tafiya ne bisa kalandar coci. Ranar 6 ga Disamba ana gasa biskit mai kirfa da kanumfari irin na Holan da Jamus domin Waliyyi Nikolas, ranar 13 ga wata babbar 'yar gida takan sa farar riga ta raba ƙananan burodi masu launin rawaya na za'afaran domin Waliyyiya Lusiya, sannan a bikin zuwan masanan gabas wurin jariri Yesu a farkon Janairu a yi kek mai siffar zobe da aka ɓoye wake ko ɗan mutum-mutumi a ciki, kamar yadda ake yi a Faransa da Meziko da New Orleans. Ranar Talatar da ke gabatar Larabar Toka, wadda da ita azumi ke farawa, ana soya fanke da wainar ƙwai, a cikin azumi a koma ga burodin fulawa da ruwa da gishiri da ake murɗawa a siffar hannuwan da aka harɗe a ƙirji wajen addu'a. Ranar 17 ga Maris ta burodin soda ce domin Waliyyi Patrick, ranar 19 ta teburin Yusufu, ranar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu ta ƙananan burodi masu zabibi da alamar gicciye a kai irin na Ingila, ranar Ista kuma ta kek mai siffar ɗan rago. Ranar 13 ga Yuni ana raba burodi sadaka da sunan Waliyyi Antoni na Padua, ranar 2 ga Nuwamba kuma a gasa na tunawa da matattu ana yi musu addu'a. A kan waɗannan ana ƙara ranar waliyyin da aka sa wa kowane yaro sunansa da ranar da aka yi masa baftisma.

Wannan jeri shi ne babbar shaidar cewa al'adar sabuwar haɗawa ce, tunda babu wata kaka a Turai da ta taɓa yin dukkan waɗannan a gida ɗaya. Burodin za'afaran na ranar Lusiya ma daga Suwidin ya fito, ƙasar mabiya Luther, alhali a Sisili, mahaifar waliyyiyar, mutane da yawa suna ƙaurace wa burodi da taliya a wannan rana su ci dafaffiyar alkama. Iyalan suna kuma kiyaye bambanci tsakanin burodin gida da na bagade, domin dokar coci ta tanadi cewa gurasar Misa a cocin Yamma ta alkama zalla ce marar yis, kuma ita ce Katolika suka yi imani tana zama jikin Almasihu idan limami ya keɓe ta, burodin gida kuwa, ko an sa masa albarka, abinci ne da ke tunatarwa yana kuma koyarwa.

Nauyin aikin da makomarsa

Aikin da a da unguwa da Sistoci da mai gidan burodi suka raba a tsakaninsu yanzu ya taru a mafi yawan gidaje a kan mace ɗaya, wadda ita ce malama kuma mai girki kuma mai reno, kuma wannan shi ne babban tsadar tsarin, ga asarar albashin da za ta iya samu a waje, abin da ya sa ba kowane iyali ke iya ɗauka ba. Shi ya sa iyalan suka kafa ƙungiyoyin haɗin kai inda ake taruwa sau ɗaya a mako a zauren coci ko a gidan wani, wata uwa ta koyar da kimiyya wata ta koyar da Latin, a kuma kai wa mai jego ko marar lafiya abinci. Akwai gidaje da yawa da ke karatu a gida suna sayen burodinsu a kanti, akwai kuma masu gashi da 'ya'yansu ke zuwa makaranta. An kuma samu saɓani da wasu shugabannin coci, waɗanda suke ganin janyewar iyalai masu himma tana raunana makarantun majami'a, ko suke neman yara su halarci ajin coci kafin a ba su tarayya ta farko, wato karɓar gurasar Misa karo na farko, sannan masu suka daga waje suna nuna cewa sa idon hukuma ya bambanta ƙwarai, daga jihohi irin su New York da Pennsylvania masu neman rahoto da gwaji zuwa irin su Texas da ba sa neman ko sanarwa.

Annobar korona ta 2020 ta gwada wa sauran jama'a abin da waɗannan gidaje suka saba da shi, lokacin da aka rufe makarantu, aka dakatar da Misa ta jama'a har da ta Ista, fulawa da yis kuma suka yi ƙaranci a kantuna saboda yawan masu gashi a gida. Binciken hukumar ƙidayar Amurka ya nuna gidajen da ke karantar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a bazarar shekarar zuwa kashi 11.1 a kakarta, ko da yake wani ɓangare ya koma makaranta daga baya. Abin da tarihin nan ya tabbatar shi ne cewa al'adar da ta yanke tana iya dawowa idan aka samu rubutaccen ilimi da kuma mutanen da suka yarda su ba ta lokacinsu, amma ba ta daɗewa a kan wuyan mutum ɗaya. Yaran da aka karantar a gida a shekarun 1980 da 1990 yanzu su ne iyaye, sun kuma koyi gashi daga uwayensu ba daga littafi ba, saboda haka ɗorewar al'adar a zuriya ta uku ta rataya ne a kan ko ƙungiyoyin haɗin kai da majami'u za su iya zame musu irin jama'ar da tsohuwar unguwa ta zame wa kakanninsu.